Kundin Aikin Sharhi a kan Hasumiyoyi Biyu

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau ƙungiyarmu ta masu karatu a nan Maradi ta shiga littafi na biyu na dogon labarin nan na Ubangidan Zobba, wanda marubucin ƙasar Ingila J. R. R. Tolkien ya rubuta, kuma ni aka sake ɗora wa nauyin rubuta sharhinsa da Hausa, kamar yadda na yi wa na farko a cikin damina. Tsarin aikin bai canja ba. Kowa yana karanta babi biyu ko uku a gida cikin fassarar Faransanci ta Daniel Lauzon, wadda ta fito a 2015 da sunan Les Deux Tours, wato Hasumiyoyi Biyu, sannan ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu in ba da labarin da Hausa saboda waɗanda Faransancinsu bai kai su ga irin wannan dogon rubutu ba, a yi muhawara, ni kuma in tattara abin da aka faɗa in haɗa da ra'ayina.

Jibi Litinin littafin zai cika shekara 70 cif, domin ranar 11 ga Nuwamba 1954 kamfanin George Allen & Unwin ya fitar da shi a Landan, wata uku da rabi bayan fitowar na farko. Abin da na fara bayyana wa ƴan'uwa shi ne, Tolkien bai zauna da niyyar rubuta littattafai uku ba. Labari ɗaya ya rubuta ya kasa shi kashi shida, masu ɗab'i ne suka raba shi uku saboda tsadar takarda bayan Yaƙin Duniya na Biyu da kuma gudun asara. Mu da muka tashi da Magana Jari Ce mun saba da littafi mai juzu'i uku, amma can mutum yana iya ɗaukar na biyu ya ji daɗin labaransa ko bai taɓa ganin na farko ba. Wannan kuwa ya fara ne a tsakiyar wani tashin hankali, ya kuma tsaya a tsakiyar wani, don haka tambayar da sharhina zai amsa ita ce ko littafin tsakiya irin wannan yana da darajar kansa, ko kuwa hanya ce kawai da dole a bi kafin a kai ga na uku.

Babin farko ya riga ya ba ni bakin zaren. Boromir, ɗaya daga cikin ƴan rakiyar Frodo, wanda ya yi yunƙurin ƙwace zoben tsafin da Frodo yake ɗauke da shi domin a je a hallaka shi, ya mutu yana kare Meri da Pipin, ƙananan hobit biyu, wato gajerun mutane irin Frodo, amma duk da haka mayaƙan Ork, miyagun halittun da suke yi wa maƙiya yaƙi, sun tafi da su. Aragorn, jagoran ayarin, ya tsaya tsakanin hanya biyu, ko ya bi mai ɗauke da zoben da makomar duniya ta rataya a kansa, ko ya bi sawun yara biyu da ba su da wani muhimmanci a lissafin yaƙi. Sai da shi da abokansa suka yi wa mamacin sutura, suka sa shi a jirgin ruwa suka sallame shi a kogi, sannan ya zaɓi bin kamammun. Na rubuta a gefen kayena cewa wannan shi ne na farko cikin jerin zaɓin da nake zaton littafin ya ginu a kansu, inda mutum yake yin abin da ya wajaba a kansa ba tare da ya san ko zai amfani babbar manufar ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba 2024

Babin dajin Fangorn ya raba kan ƙungiya. Matasanmu sun ƙosa da shi ƙwarai, domin bayan gudun ceton rai da aka sha a babobin baya, sai ga labarin ya zauna a gindin itace yana sauraron wasu tsofaffin halittu masu suffar bishiya, makiyayan itatuwa da ake kira Ent, waɗanda sai da suka kai rana ta uku suna shawara kafin su yanke hukuncin far wa Saruman, matsafin da yake sare dajinsu yana hura wutar maƙerunsa a Isengard.

Wani ɗan'uwanmu malamin gona ne ya juya zancen. Ya ce wanda ya ga yadda gonakin jihar nan suka koma fako bayan farin 1973 da na 1984, ya kuma ga yadda suka sake yin duhu da gawo da kalgo da sabara, ba zai ga wannan babin ya yi tsawo ba. Ya tuna mana cewa a nan yankin Maradi ne, daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke kututturan da suke tsirowa a gona, su riƙa yi musu sassabe suna barin reshe mai ƙarfi ya girma, kuma yau ana ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram. Itace, in ji shi, ba ya sauri, kuma marubucin da ya sa makiyayan itace suka yi sauri da bai san itace ba.

Na yarda da shi, amma abin da ya fi taɓa ni a babin wani ne dabam. Waɗannan halittu sun rabu da matansu tun zamani mai nisa, ba su da ƴaƴa, kuma sun fita yaƙin suna sane da cewa mai yiwuwa wannan ce fitarsu ta ƙarshe. Tolkien bai yi dogon kuka a kan haka ba, ya bar dattijon cikinsu ya faɗa cikin natsuwa ya wuce, kuma wannan kamewar ce ta sa baƙin cikin ya zauna a zuciya.

Asabar, 23 ga Nuwamba 2024

Mun shiga ƙasar Rohan, ƙasar mahaya dawaki, kuma tun da muka fara wannan aiki ba mu yi zaman da ya kai na yau armashi ba. Kafin in kai ga dalilin, dole in ajiye wani ƙorafi nawa. Dawowar Gandalf, dattijon matsafin kirki da ya fara jagorantar ayarin, da farin kaya, bayan mun yi juyayin faɗawarsa rami a littafin farko, ta rage nauyin wancan rashin. Marubucin ya yi bayanin cewa mayar da shi aka yi domin aikinsa bai ƙare ba, kuma bayanin ya dace da tsarin duniyar da ya ƙaga, amma mai karatu yana fara jin cewa manyan taurarin labarin suna da kariyar da Boromir bai samu ba. Zan faɗi haka a sharhin ba tare da kwana-kwana ba.

Da na gama ba da labarin fadar sarki Teoden, wanda bafadensa Grima ya cika wa kunne da raɗa har ya tsufa kafin lokacinsa, ya ɗaure ɗan ƴar'uwarsa Eomer, ya zauna a kan karaga maƙiya suna cin iyakokin ƙasarsa, sai dattijon ƙungiyarmu, tsohon malamin tarihi, ya gyara zama ya ce da ni: “Ɗana, ai wannan fadar na san ta.” Na ce: “Baba, a ba mu mu sha.” Ya ɗauko mana daga faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807, da yadda sarautar Katsinawa ta yi hijira arewa har Ɗan Kasawa ya kafu a Maradi wajen 1819, Gobirawa kuma daga baya suka zauna a Tsibiri, da yadda ƙawancen gidajen nan biyu ya tsaya a kan doki da lifidi da sulke shekara da shekaru. Abin da yake nufi shi ne, masarautar da ƙarfinta yake kan barade ba ta jure sarkin da ya daina hawa, kuma bafaden da ya raba sarki da Kauransa ya fi rundunar maƙiya ɓarna. Ya ce wurin da Teoden ya miƙe ya sake kama takobinsa ya fito fili ya ga ƙasarsa shi ne wuri mafi gaskiya da ya ji a littafin zuwa yanzu.

Na ƙara musu da cewa Tolkien ya gina mutanen Rohan ne a kan harshe da waƙoƙin tsohuwar Ingila, fannin da ya riƙe kujerar farfesansa a jami'ar Oksfod tun 1925, sai dai ya ba su dawakin yaƙi, abin da waɗancan magabatan nasa ba su shahara da shi ba. Wannan ne ya sa kirari da waƙar makoki da ladabin shiga fada na Rohan suke da ƙamshin abin da aka taɓa rayuwa da shi.

Wata malama a cikinmu ta kawo ƙorafin da ban da amsarsa face yarda. Eowin, ƴar ƴar'uwar sarki, kusan ita kaɗai ce macen da ta fito fili ta yi magana a duk littafin, kuma ko ita ƴan layuka aka ba ta, aka damƙa mata jama'a ta tsare, maza suka hau suka tafi. Malamar ta ce a ƙasar da fada take da Iya a Maradi da Inna a Tsibiri, mai karatu yana jin giɓin nan fiye da yadda Bature na 1954 zai ji shi. Na sa maganarta a cikin abubuwan da sharhin zai ɗauka.

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Mun gama kashi na uku, wato rabin farko na littafin. Waɗanda suka fara sanin labarin ta fim ɗin Peter Jackson na 2002 sun yi mamakin ganin cewa yaƙin ganuwar Helm, wanda ya mamaye fim ɗin, babi ɗaya ne tak cikin babi 21. An rubuta shi da kyau, amma a ganina shi ne wurin da littafin ya fi kama da sauran labaran jarumta, kuma gasar ƙirga gawarwaki da abokan Aragorn, Gimli da Legolas, suke yi ba ta yi mini daɗi ba.

Babin da ya cancanci a daɗe a kansa shi ne na muryar Saruman. An ci shi da yaƙi, ruwa ya malale masa gida, ba abin da ya rage masa sai baki, amma da bakin nan kaɗai ya kusa mayar da waɗanda suka ci nasara su ji kamar su ne masu laifi. Yana bin kowa da abin da ransa yake so: sarki da zaman lafiya da girma, Gandalf da zumuncin manya. Amsar Teoden, inda ya ƙi sulhu yana ambaton yaran ƙasarsa da aka kashe da mai tsaron ƙofarsa Hama da aka sassare gawarsa, ta fi duk saran takobin da aka yi a babin yaƙi nauyi.

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Babban ƙorafin ƙungiya ya fito fili a yau, kuma a kansa ne nake ganin sharhin zai fi tsayawa. Babi 11 aka yi ba a ga Frodo da baransa Sam ba, sai yanzu a kashi na huɗu marubucin ya koma baya da kwanaki ya ɗauko su daga inda ya ajiye su, sannan kuma zai yi babi 10 ba tare da ya sake waiwayar Aragorn da Gandalf ba. Mafi yawan ƴan'uwa sun fi son yadda fim ya yi, a taɓa nan a taɓa can.

Ni ina ganin wannan rabuwar ita ce ƙarfin littafin. Da ana tsallakawa daga fadamar matattu zuwa murnar nasara a Isengard, da mai karatu yana samun wurin hutawa, alhali Frodo da Sam ba su da shi. Ba su san Gandalf yana raye ba, ba su san an karya Saruman ba, a iya saninsu su kaɗai suka rage. Tolkien ya kulle mu tare da su cikin wannan rashin sani, ga ƙishi, ga gajiya, ga zoben da nauyinsa yake ƙaruwa, kuma mu da muka riga muka san labarin nasarar sai tausayinsu ya ninka mana, domin muna riƙe da albishir ɗin da ba mu da hanyar isar musu.

Akwai tarihi a bayan wannan kashi da ya kamata masu karatu su sani. A 1944 ya rubuta shi, yana aika babobin ga ɗansa Christopher wanda yake samun horon sojan sama a Afirka ta Kudu, shi kansa kuma ya yi yaƙin Somme a arewacin Faransa a 1916, inda ya rasa abokansa na kusa. A wata wasiƙa ta 1960 ya yarda cewa fadamar da fuskokin matattu suke bayyana a ƙarƙashin ruwanta tana da alaƙa da abin da ya gani a can. Uban da ya ga yaƙi ne yake rubuta wa ɗansa da yake shirin shiga wani, kuma ana jin haka a kowane shafi.

A nan ne kuma Frodo ya kama Golum, tsohon mai zoben da yake bin su a ɓoye, ya sami damar kashe shi ya fasa, saboda da ya gan shi ido da ido tausayi ya kama shi. Sam bai yarda da wannan sassaucin ba, kuma rabin ƙungiyarmu suna bayan Sam.

Asabar, 21 ga Disamba 2024

Babobin Itilien, ƙasar daji da Frodo da Sam suka ratsa, sun kawo mu ga abin da ya fi damuna a littafin, da kuma abin da ya fi burge ni, kusa da juna. Mutanen kudu da ake kira Haradrim, masu duhun fata da jajayen tufafi da giwayen yaƙi, suna cikin rundunar babban maƙiyi Sauron, wanda ya ƙera zoben, alhali duk wani haske da daraja daga yamma da arewa suke fitowa. Ba zan ɓoye wa mai karatu Bahaushe wannan ba, domin da zarar ya kai wurin zai gane a wane ɓangaren taswirar aka ajiye masu kama da shi, kuma ba na karɓar uzurin cewa ai zamaninsa ne, tunda marubucin da ya iya ƙaga harsuna sukutum bai rasa basirar ƙaga wa mutanen kudu murya ba.

Duk da haka akwai sakin layi ɗaya da ya hana ni yanke masa hukunci mai tsanani. Wani sojan kudu ya faɗi matacce kusa da Sam, wanda bai taɓa ganin mutane suna kashe mutane ba, sai ya shiga tunanin mene ne sunan mutumin, daga ina ya fito, ko da gaske mugu ne, ko kuwa ƙarya ko barazana ce ta rabo shi da gida zuwa wannan doguwar tafiya. Dattijonmu ya yi shiru kafin ya ce wannan ai labarin mazan jiya ne, ƴan Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗiba ta kai su yaƙe-yaƙen Turai, har da filin Somme ɗin da Tolkien ya tsaya a kansa. Layukan ba su wanke littafin daga abin da na faɗa ba, amma sun nuna cewa marubucin ya ga mutum a cikin gawar, ko da bai ba shi baki ba.

Sai Faramir, ƙanen Boromir. Zoben da wansa ya yi kwaɗayinsa kafin ya mutu ya faɗo hannunsa a daji, yana da sojoji, masu ɗauke da shi biyu ne marasa ƙarfi, birninsu yana fuskantar halaka, mahaifinsa kuma zai so a kawo masa shi. Ya sallame su da guzuri, yana sane da cewa dokar ƙasarsa tana iya cin ransa a kan haka. Wasu matasa sun ce abin ya yi sauƙi da yawa, mutum ba ya ƙin mulki haka kawai. Na amsa musu cewa littafin ya nuna mana Faramir ya riga ya yanke wa kansa hukunci tun kafin ya san abin da suke ɗauke da shi, ya furta cewa ba zai ɗauka ba, sannan da gaskiya ta bayyana ya riƙe maganarsa. Tolkien ya gaya wa ɗansa a wasiƙa cewa bai shirya wannan mutumin ba, fitowa kawai ya yi a cikin labarin, kuma ni a wurina shi ne mutumin da ya fi kowa cika a wannan juzu'i.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Mun kai ƙarshe. Kafin kogon Shelob, ƙatuwar gizo-gizon da Golum ya shirya miƙa su gare ta, akwai wani ɗan wuri a kan matakalar dutse da na karanta wa ƙungiya a hankali. Golum ya dawo ya tarar da su suna barci, ya tsaya yana kallon Frodo, muguntar ta sauka daga fuskarsa, ya miƙa hannu ya taɓa gwiwarsa kamar tsoho mai neman gafara. Sam ya farka ya daka masa tsawa ya zarge shi da sanɗa, kuma daga nan ƙofar tuba ta rufe. Waɗanda suka goyi bayan Sam makonni uku da suka wuce sun yi jugum, domin ba ƙarya ya yi ba, Golum maci amana ne, amma kalma mai zafi daga bakin mai gaskiya ce ta ƙarasa tura shi. Tolkien da kansa ya rubuta daga baya cewa mai yiwuwa wannan ne wuri mafi ban tausayi a duk labarin.

Babin ƙarshe na Sam ne shi kaɗai. Ya ɗauka ubangidansa ya mutu, ya cire zoben domin ya ƙarasa aikin, sai ya ji daga bakin mayaƙan Ork cewa dafin sumarwa kawai yake yi, ga shi sun ɗauke Frodo sun rufe ƙofar hasumiya. A nan littafin ya tsaya, kuma masu karatun farko sai da suka jira har 20 ga Oktoba 1955 kafin na uku ya fito.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na karanta wa ƙungiya daftarin sharhin. Matsayata a ciki ita ce wannan juzu'i ya fi na farko, kuma rabinsa na biyu ya fi rabinsa na farko nesa ba kusa ba, domin a nan ne ake gwada mutane da abin da babu mai gani balle ya yaba: Aragorn a bakin kogi, Frodo da takobi a wuyan Golum, Faramir a cikin kogo, Sam a bakin hanya shi kaɗai. Na bar ƙorafina uku yadda suke, wato dawowar Gandalf, da ƙarancin mata, da matsayin mutanen kudu.

An nemi gyara biyu. Malamar ta ce sashen Eowin ya yi gajarta, kuma ta yi alkawarin rubuto nata ra'ayin in sa shi a matsayin rataye. Dattijonmu kuma ya ce in rage kwatancen Rohan da tarihin Maradi, kada mai karatu ya ɗauka Tolkien ya san da mu, in bayyana sarai cewa mu ne muka ga kamar. Zan yi duka biyun a cikin wannan mako, sannan a buga daftarin a kwamfuta a raba wa kowa ya duba rubutun Hausar. Littafi na uku za mu fara shi ranar 25 ga wata, da fatan mu gama kashi na biyar kafin azumi ya kama.